Yadda Za Ka Datse Hoto Har Ka Fi Kanka Girma

Bi matakan nan biyar, na yi maka alkawari duk wanda ya ga hotonka zai ɗauka ka haye. Na gwada su a kan maƙwabcina tela, wanda mahaifiyarsa ta matsa masa ya turo hoto ta ga halin da yake ciki.

1. Zaɓi wurin tsayawa

Tsaya kusa da abin arziki, ko ba naka ba ne. Tela ya tsaya a ƙofar shago. A damansa leshin wata mata da ta kawo ɗinki, a hagunsa tsohon keken ɗinkinsa da fenti ya koɗe.

2. Fara daga ƙasa

Silifas bai taɓa yi wa kowa shaidar kirki ba. Datse shi, ƙyallayen da ke zube a ƙasa su bi shi. Mai mutunci daga ƙugu yake farawa.

3. Kori 'yan rakiya

Mai gyaran waya na shagon gefe ya cuso kai cikin hoton yana washe baki. "Haba maƙwabci, bar ni Inna ta gan ni mana!"

Tela ya ce, "Da waɗannan haƙoran?" Ya ja yatsa a fuskar waya, mutum ya ɓace. Amma ka duba kafaɗarka, kada a bar maka hannun da ba shi da mai shi.

4. Kada ka tsaya a tsakiya kamar turke

Koma gefe, ka bar fili ta inda kake kallo, kamar mai hangen babban al'amari. Don samun haka, tela ya datse keken ɗungurungum. Hoto ya yi kyau, ba ƙarya.

5. Tura, ka jira yabo

Minti uku waya ta yi ƙara.

"Ɗan nan, ina keken?"

"Inna, ba ki ga leshin ba?"

"Leshi na haifa? Keken da na rabu da 'yan kunnena na saya maka, ka sayar ko? Faɗa mini gaskiya, ba zan yi kuka ba." Kuka take yi.

Ya nemi asalin hoton, ashe ya goge. Dole ya sake ɗauka: keke a tsakiya, silifas, ƙyallaye, da mai gyaran waya da dukkan haƙoransa.

"Yauwa," in ji Inna, "yanzu na ga ɗana. Wancan mai dariyar, ka gaishe shi."

Gargaɗi: datsa na koyar, ban ce a gwada a kan uwa ba. Wanda aka yi wa kuka a waya, kada ya ƙwanƙwasa mini ƙofa.