Sunana a Wayar Surukina

Ba zan taɓa mantawa da zauren Alhaji na garin Isa ba, ko da tsufa ya kwashe min komai. Can na shiga da ƙirji a buɗe ina taƙama da sunana na intanet, na fito ina neman ramin da zan shige.

Lokacin ina da ɗan shago a bakin kasuwar Sabon Birni. Ina buga katin biki, ina ɗaukar hoto, ina gyara tsofaffin hotuna a kwamfuta. Wallahi ina kewar zamanin nan. Mutum zai hau babur bayan la'asar ya tafi Isa zance, ya dawo yana fito a hanya, ba mai bugo masa waya ya ji ko ya iso lafiya.

Son a san ni ne ya sa na sayi adireshin intanet da sunana da na mahaifina, a ƙarshe dot kom. Gina shafi kam ya fi ƙarfin ilimina, sai na saita shi ya riƙa kai mutum shafina na dandalin sada zumunta, inda nake zuba hotunan ayyukana. Na kwafi adireshin maɓallin nan da ke cewa "shafina", na manna, na gwada. Sai ga ni na fito cikin kwat (ta aro ce, mai ita ma ya fi ni kafaɗa). Mako guda ina gwada wa mutane, amma kullum a wayata, don ba na son a rasa ganin fuskata lokacin da abin ya buɗe.

To akwai Rabi, wadda saboda ita na haddace kowane rami na hanyar Isa. Wata rana ta tare ni ba dariya ta ce, "Baba ya ce shi bai san wata sana'a wai danna kwamfuta ba. In bai ga aikin da idonai ba, ba shi ba da ɗiyatai."

Mahaifin nata Alhaji ne mai fataucin gero da dawa, mutum mai faɗin ƙirji da ƙarancin magana, wanda sahun farko bai taɓa wuce shi ba. Aurena duka yana rataye a bakinsa. Amma ni da na ji sharaɗin har murmushi na yi. Ai an zo gidana.

Ranar da ya kira ni, na ɗauki abokina Sanusi muka tafi. Muka tarar da shi a zaure tare da amininsa Malam Isiya, wani tsoho siriri mai yawan tsokana. Muka cire takalma tun daga waje, muka durƙusa can bakin tabarma. Kowa ya san dokar: ba ka haɗa ido da suruki. Na kafa idona a kan wata tururuwa da ke jan ƙwayar gero, na yi alkawarin ba zan ɗaga ba har mu fita.

Bayan gaisuwa Alhaji ya ce, "Yaro, mi as sana'arka?"

Na ce, "Allah shi ƙara girma, Baba, aikina duk yana intanet. Sunana kawai za a rubuta shi fito."

Na zaro wayata, sai ya ɗaga hannu. "Aje taka. In gaskiya ta, shi fito ga tawa."

Ya miƙo wayarsa, na karɓa da hannu biyu. Na rubuta sunana, na danna, tun kafin ya gama buɗewa na juya fuskar wayar gare su, na mayar da kaina ƙasa wurin tururuwata. (A raina ina cewa, ladabi da ilimin zamani a jikin mutum ɗaya, ina za su samu irina?)

Na fara jawabin da na shirya. "Baba, wanga da kuka gani ni na. Nan nika neman abincina, kuma da shi za ni riƙe iyalina in Allah ya yarda."

Sai na ji ganga ta tashi daga wayar, da muryar maroƙi yana zuba kirari. Na ɗauka talla ce, na ƙara ɗaga murya. "Mutane har daga Nijar suna yaba min. Ba don yabon kai ba, Baba, duk ƙasag ga ba wanda ya kai ni ga wanga aiki."

Sanusi ya mintsine ni a cinya. Malam Isiya ya fara wani tari wanda ba tari ba ne. Da na ga abin ya ƙi ƙarewa, na karya doka na leƙa wayar.

Wani ƙato ne a tsakiyar fili, ba riga, daga shi sai warki da layu har damtse, ya ɗaga hannu sama. Tsohon hoto ne aka haɗa da kiɗa. Gashin baƙi ne wuluk, amma faɗin ƙirjin nan da tsagar fuskar nan suna zaune a gabana a kan tabarma. Alhaji ne.

Ashe a ƙuruciyarsa ɗan kokawa ne da ya gagari garin Turba da kewaye. Tun da ya dawo daga Makka ya hana a tuna masa, duk Isa an sani, ba mai faɗa. Shafin kuwa ya sa an buɗe masa ne a ɓoye da sunansa na filin kokawa, yana kallon abinsa shi kaɗai. Ni kuma adireshin da na manna ba nawa ba ne, na kowa ne. Kamar ka ce wa ɗan kabu-kabu "mu je gida", kowa gidansa ya sani. Duk wanda ya rubuta sunana a wayarsa, shafinsa yake faɗawa.

Na riga na yi bankwana da Rabi a zuciyata, har na fara tunanin ta inda zan bi in fita ba tare da na juya musu baya ba.

Alhaji ya karɓi wayar, ya daɗe yana kallonta, gangar tana ta yi. Sannan ya ce, "Yaro, in wanga na aikinka, na riga ka shiga, kuma na riga ka bari."

Malam Isiya ya faɗi a kan tabarma yana riƙe ciki. "Ba shi ɗiyar, Alhaji! Yaron da yak kada ka yana durƙushe, ai ya ci ɗamara!"

Ranar na fara jin dariyar Alhaji, wata irin dariya mai kauri da ta cika zauren. Da ya natsu ya shiga gida ya fito da ainihin hoton, duk ya koɗe, gara ta ci gefe. Ya ce in da gaske ina da sana'a, in gyara shi. Na zauna a kansa kamar mai jarrabawa, na mayar masa har da ƙyallin layun. Ba a yi kaka ba aka ɗaura mana aure.

Da na ce zan gyara adireshin, sai ya aiko Rabi ta ce kar in taɓa. Wai dā wahala yake sha kafin ya lalubo shafin, yanzu kuwa sunan surukinsa kawai yake rubutawa ya ga kansa. Haka na bar shi, har yau.

Alhaji ya rasu, Allah ya jiƙansa. Wayarsa tana cikin akwatin Rabi. Wani lokaci mukan sa mata caji, in rubuta sunana, gangar ta tashi, yara su taru suna kallon kakansu da warki, uwarsu tana dariya tana share ido.

Ni dai na koyi darasina. Abin da ka gwada a wayarka kaɗai ba ka gwada shi ba tukuna. Kuma an ce kar ka kalli suruki, ba a ce kar ka kalli abin da kake miƙa masa ba.