Ranar Da Na Ƙara Wa Kawu "Alhaji"

Da Kawu Isufu ya dawo daga hajji, an juye hotunansa duka cikin tsohuwar kwamfuta mai Windows XP da ke ofishinsa na manyan motoci a tashar Gare, nan Parakou. Wayar da ya ɗauki hotunan da ita kuma ya goge ta, ya kyautar. Abu ɗaya ya dame shi: sunan diskin da hotunan ke ciki har lokacin ISUFU ne kawai.

Ni aka kira, tunda na taɓa koyon kwamfuta a Djougou.

Na rubuta ALHAJI ISUFU, ta ƙi. Harafi goma sha ɗaya take karɓa, ba ƙari.

Na ce, "Kawu, a taƙaita, a sa ALH mana."

Ya ce, "Rabin hajji na yi?"

Nan na gyara zama. Na bayyana wa direbobin da suka kewaye ni cewa wannan ƙaramin aiki ne, formate kawai za a yi wa diskin, wato a sake tsara shi, sai ya karɓi dogon suna. Wani gargaɗi ya fito da Faransanci, na danna OK ban karanta ba, don a ga hannuna ya saba.

Suna ya zauna daram, har na ƙara masa MAI MOTA kyauta. Direbobi suka ce masha Allah.

Kawu ya ce, "To ɗana, buɗe musu Arfa su gani."

Na buɗe. Wayam. Ba Arfa, ba Madina, sai suna.

Kawu bai yi faɗa ba.

Yanzu duk mutanen gida, Formate suke kirana, in na shigo a ɓoye wayoyi. In baƙo ya nemi ganin hotunan Makka kuwa, Kawu sai ya nuna ni da baki: "Suna wajen injiniya."