Ko Goma Aka Ci Su

"…da gajiya, amaryata? Yaya haƙora suka kwana a kofi?"

"Lafiya lau, sun fi ka wurin kwana mai tsabta. Shigo, mijin banza, amma ka cire takalman nan masu kama da kwalekwale."

Ina guga a bakin kicin ɗan yayata ya shigo. Shi da mahaifiyata ba su taɓa gaisawa kamar mutanen kirki ba. Shi wayoyi yake sayarwa a wani shago, ita kuwa tsohuwar ma'aikaciyar ofishin waya ce, tun zamanin da ake haɗa layi da hannu.

Watan jiya ne ya same ta tana gyangyaɗi, haƙoran robarta na cikin kofi, baki ya lotsa, ya ɗauke ta hoto. Ya mayar da shi sitika, duk wanda ya faɗi abin mamaki a zauren iyali na waya sai ya tura masa. A gaban mutane dariya take yi, amma ni na san abin yana cin ranta. Matar da ko mai karanta mita ba ta buɗe wa ƙofa sai ta sa haƙora! Ga shi jibi tsofaffin abokan aikinta za su taru, tana tsoron hoton ya riga ta isa wurin. Ta sa masa tara: duk turawa ɗaya, ya jefa kuɗi a gwangwanin shayin da ke kan talabijin. Gwangwani ya yi nauyi, hoto bai daina yawo ba.

Ya zube a kujera ya ce, "Albishirinki. Kamfanin nan da kike zagi kullum, mai manhajar hira, an ci su tara."

"Tara? Ko goma aka ci su, ina ruwana?"

"Ba tarar ƙirga ba, tsohuwa! Hukuma ta kama su suna sayar da bayanan mutane ga masu talla. Kuɗin da za su biya, in aka shimfiɗa shi sai ya rufe unguwar nan har da rufin gidanki."

"An ce su goge abin da suka kwasa?"

"Ban ji an faɗa ba."

"An rufe musu ofis, ko na yini ɗaya?"

"A'a."

"An kori babbansu?"

"Ya dai ba da haƙuri."

"To, kuɗin shiga suka biya ke nan. Ni sau ɗaya na rubuta wa likitan haƙori ta manhajarsu ina tambayar gam ɗin manna haƙora. Washegari wayata ta cika da tallan sandar dogarawa, da keken marasa lafiya, har da wani mai da ke mayar da tsohuwa budurwa."

"Wannan ai da kin saya, in huta da gorin abokai."

"In na koma budurwa kai zan kalla? Ƙafa kamar sandar mofa?"

"Ke dai ki yarda, sun ji jiki. Tara tana gyara hali."

Ta nuna gwangwanin da baki. "Kai ta gyara naka?"

Ya kwashe da dariya, ya miƙe ya zaro kuɗi daga aljihu. "Ga ta yau. Ga ta jibi ma tun da wuri, don na ji 'yan gidan tarihi za ku yi taro. Ai ya kamata su ga yadda amaryata ta ƙara kyau."

Wallahi sai da na ji kamar in ɗora masa dutsen gugar a baya. Ita kuwa ko gezau. Ta ciro wayarta daga jaka, ta goge fuskar wayar da gefen ɗankwali, a hankali kamar mai jiran baƙo.

Ta ce, "Ranar Talata ka shiga banɗakina ka daɗe."

"Ciki ne ya dame ni."

"Cikin naka magana yake yi? Gaban madubi ka tsaya. 'Tun ranar da kika kawo wayarki gyara, zuciyata ba ta sake ɗaukar caji ba sai a wurinki.' Sau shida. A na huɗu har ka sa kuka-kuka."

Dariyarsa ta tsaya cak.

"Yarinyar nan ta kantin magani ce, ko? Mai tabarau? Ina da lambarta, a wurinta nake sayen maganin hawan jini. Muryarka ta fito tas, har da ƙarar famfon da ka buɗe don kar a ji."

"Kin naɗa?"

"Kai kaɗai ka iya latse-latse?"

"Kaka, wannan keta sirri ne! Laifi ne babba! Ko a gaban alƙali ba ki da gaskiya!"

"Na sani, maigidana. Zan biya tara."

Ta tashi da ƙyar, gwiwa na ƙara, ta taka har gaban talabijin ta jefa nata kuɗin a gwangwani. "Ga ta yau. Ga ta gobe, don uwarka ma tana son jin waƙa."

"Zan ninka miki abin da kika sa!"

"Ba na sayarwa."

"Zan kawo miki sabuwar waya, mai ido uku a baya!"

"Idona biyu sun ishe ni ganin kana zufa. Ba kai ka ce tara na gyara hali ba? Ga ni na biya, kuma yatsana na kan wurin turawa. Ka ga alamar na gyaru?"

Ya juyo gare ni kamar ya ga ceto. "Inna, ki yi mata magana mana!"

Na ce ni guga nake yi.

Ya durƙusa a gabanta, dogon mutum har da gemu. "Me kike so?"

"Abin da hukumar ta manta ta gaya wa mutanenka. Goge."

Ya goge a gabanta.

"Da na kwandon shara."

Ya goge.

"Da wanda ka ɓoye a intanet. Kar ka kalle ni haka, na san kuna da ɗaki a can."

"Ke mayya ce wallahi." Ya goge shi ma.

"Yanzu yi wa zauren iyali magana, da muryar nan taka mai ɗaukar caji."

Ya kai wayar baki: "Jama'a, hoton Kaka kowa ya goge yanzu-yanzu. Ba wasa nake ba. Duk wanda ya sake turawa, tana da labarinsa shi ma." Kafin in gama hannun riga ɗaya, amsoshi sun fara shigowa: na goge, na goge, ni dama ban ajiye ba. Har yayata ta rubuto tana tambayar wane labari.

Ya share goshi. "Saura naki. Kawo in goge da kaina, ban yarda da ke ba."

Ta miƙa masa wayar. Ya duba nan, ya duba can. Abu ɗaya ya samu a wurin naɗar murya, ya kunna. Sai ƙarar fanka, da muryar Kaka tana cewa, "Wai ya fara? Ina ake latsawa?"

"Kaka… babu komai!"

"Da kunnena na ji, a kunnena ya tsaya. Shekara talatin maganar gari na bi ta kunnen nan, ba tawa ba ce, ban taɓa fitar da ta kowa ba. A zamaninmu in aka kama ki, ba gwangwani ake miƙo miki ba, ƙofa ake nuna miki. Sai a kanka zan fara, ɗan tsako?"

Ya faɗi a kan tabarma yana dariya har da riƙe ciki. "Kin ci! Na rantse kin ci! Tara ba ta hana komai, tsoro ne ke hanawa. Wayar mai ido uku ma kin ci ta, gobe zan kawo."

Daɗi ya kama ni har na kusa ƙona rigar da ke hannuna. Mahaifiyata ta koma kujerarta, ta gyara ɗauri, ta juya fuska wajen hasken taga, ta washe haƙoran nan gaba ɗaya.

"To ɗauka yanzu, ka tura wa duk wanda kake so. Wannan ni na ce."