Ranar da Na Huda Cuku Don Kusan Alhaji

Ba zan taɓa mantawa da ranar da kusu ya yi mini jarrabawar neman aure ba, na kuma faɗi warwas a gaban dattawa huɗu. (Kusu dai shi ne ɓera, ga masu karanta ni daga wajen Kano.) Har yau in na bi ta Sabon Gari, idon sawuna na hagu sai ya tuna mini.

Bari in fara ɗora wa tele, wato talabijin, nata laifin. Muna yara a unguwar Zariya ta Maraɗi, gida ɗaya ne ke da tele a layinmu. Da la'asar in an taso daga lakwal, wato makaranta, sai mu cika tsakar gidan, mu zube a ƙasa muna jiran katun ɗin dabbobi, wanda mu muke ce wa desan anime. Gajeru ne, kafin a dama fura an gama ɗaya. Kyanwa ta bi kusu, kusu ya maka mata kasko a ka, ta baje kamar tabarma, ta girgiza ta miƙe, a sake sabon gudu. Babu Faransancin da zai shige maka duhu, kiɗa ne kawai da tsere. Shi ya sa har kakata takan jawo kujerarta ta zauna cikinmu, ta yi dariya har da hawaye, sannan ta goge ido ta ce, "Wai su waɗanga ba su da aikin yi? Kullum wanga shi bi wanga. Ba mai mutuwa, ba mai zuwa gona."

Ni ban damu da zuwa gonarsu ba. Ina son abin nan har cikin raina, kuma dukanmu bayan kusu muke. A nan na haddace cewa kusu ba ya iya tsallake cukun Turawa mai launin rawaya da huji-huji, cewa yana da ɗan gidansa a gindin bango mai ƙofa kamar ta zaure, cewa kuma faɗowa daga sama ba ta da zafi. Babu wanda ya zo ya gyara mini wannan karatu, na girma da shi.

Na yi makaranta, na sami aiki a gonakin noman rani na Jiratawa. Aikina ruwa ne: a buɗe, a rufe, a gyara magudanai. Amma mutane Injiniya suke ce mini, ni kuma ban taɓa hana su ba. A lokacin nake neman Rakiya, 'yar wani Alhaji mai fataucin aya da wake, wanda ke da katuwar mangaza ta ajiyar buhuna a Sabon Gari. Manyana sun je, ya ce za a yi shawara. Wata uku ana shawara. Rakiya ce ta tsegunta mini abin da yake faɗa a gida: "Yaron ɗan takarda ne. Ban sani ba ko ya iya ɗaure akuya."

Wata Juma'a bayan an sauko daga masallaci na biya gaishe shi a bakin mangaza. Na tarar ransa a ɓace, yana duba wani buhun aya da aka yi wa huda.

"Yawwa, Injiniya," ya ce. "Kai da ka yi karatun noma, mi za a yi ma kusan ga? Guba ba ni so, don abinci ne. Kyanwata kuma ta tsuhwa, sai kwana."

Amsar gaskiya gajera ce: ban sani ba. Amma wata ukun nan suka taso mini, na ji bakina yana cewa, "Ai wannan ƙaramin abu ne, Baba. Akwai dabarar da munka karanta."

(Allah ya sani, ko layi ɗaya ban taɓa karantawa a kan kusu ba.)

Na hau kabu-kabu na shiga kasuwa na sayi tarko shida. Saura cuku. Wata mata ta miƙo mini namu na gida, busasshe, na raina shi, na ce ba irin wannan ba. Sai da na zagaye rabin Maraɗi kafin na sami na Turawa a wani babban kanti, ɗan mai laushin nan da ake naɗewa a takarda mai ƙyalli. Na buɗe na ga babu huji ko ɗaya. Na tsaya na yi tunani irin na masu ilimi, na ce kusu ba zai gane shi a haka ba. Sai na ciro biron aljihuna, na zauna a gindin bishiyar bedi, na huda kowane yanki sau uku-uku.

Mai gadin mangazar, wani dattijo Malam Ilu, ya tsaya yana kallona ina ɗana tarkuna.

"Injiniya, da ka sa ƙuli-ƙuli, ko kan kihi."

"Malam Ilu, zamani ya wuce nan," na ce masa.

Na durƙusa ina rarrafe a gindin bango ina neman 'yar ƙofar gidan kusu. Ban sami ƙofa ba, na jera tarkunan a inda na ga ya dace a ce akwai ta. Ga shi kuma tsakiyar bazara ce, rufin kwano, zafin da ke cikin mangazar nan ya isa gasa masara.

Washegari da hantsi na saka farar shaddata, wadda nake ajiyewa don sallah. Na isa na tarar Alhaji ya yi gayya. Ga ƙaninsa da ya zo daga Tibiri, wanda shi ne zai zama waliyyin Rakiya, ga abokansa biyu 'yan kasuwa. Ashe ya gaya musu surukin da ake magana ya zo da dabarar boko.

Malam Ilu ya buɗe ƙofa, wari ya fara yi mana maraba. Cukun ya narke ya bi jikin katako, kiyashi sun yi masa layi. Tarko shida, babu wanda ya tashi. Buhun da ke kusa kuwa an yi masa sabuwar huda, kuma, wallahi, a kan katakon tarkona ɗaya ɓerayen suka zauna suka ci ayar, suka bar mini ɓawon.

Ƙanin Alhaji mutumin kirki ne, ya so ya rufa mini asiri. Ya ce, "Ko tarkon ne ba ya da kyau?"

Na cafke maganar da hannu biyu. "Haka nike zato, Baba. Bari in gwada." Na kai yatsa na taɓa.

Tarkon lafiyarsa lau.

Na yi tsalle da baya na bangaji tarin buhuna, sai wani kusu ya diro daga sama ya faɗa mini ta wuyan riga. Na ji ƙafafuwansa masu sanyi suna sauka ta bayana. Ni ne Injiniya, mai neman aure, na haye buhuna ina ƙwala "Wayyo Inna!" ina ƙoƙarin tuɓe riga da hannu ɗaya, ɗayan na cikin tarko. Buhun sama ya zame, na biyo shi.

A tele, in an yi irin wannan faɗuwa taurari ne ke zagaya kan mutum, ya girgiza ya tashi. Ni ban ga tauraro ba. Na kwanta daga ni sai singileti, ƙafa ta gurɗe, aya na zubo mini a ka. Kusun ya fito daga cikin shaddata, bai ma yi gudu ba, tafiya ya yi. Tsohuwar kyanwar Alhaji ta ɗago kai ta dube shi, ta yi hamma.

Babu wanda ya yi dariya, kuma wannan ya fi mini ciwo. Alhaji ya tako ya cire mini tarkon da kansa. Ya ɗauki wani da cukunsa bai gama narkewa ba, ya kai shi wajen haske, ya daɗe yana dubawa.

"Wa ya huda shi?"

"Ni ne, Baba."

"Don mi?"

Na sunkuyar da kai. Na so ƙasa ta tsage.

"To, na gane makarantar da ka yi," ya ce. "Ta tele ce, wadda kusu ke maka ma kyanwa kasko."

Nan dattawan suka fashe, har ƙanin nasa ya dafa bango. Malam Ilu ya fita waje don ya yi tasa a sake. Ni kuwa mamaki ya sa na manta da kunya, na ce, "Baba, kai ma kana kallo?"

"Jikokina ke kunnawa, ni ko ba ni tashi. Amma ni bayan kyanwa nike. Ta ya zan tafa ma ɓarawon hatsi?" Sai ya gyara tsayuwa, fuskarsa ta koma ta ranar Juma'a. "Yanzu gaya mini tsakaninka da Allah. Ka san maganin kusu?"

"Ban sani ba, Baba."

"Da ka hwaɗi haka jiya, da ƙahwarka ta huta. Wanda zan ba ɗiyata, wagga kalma nike son shi iya."

Mako biyu na yi ina ɗingishi. A cikinsu Malam Ilu ya ɗana tarkunana da ƙuli-ƙuli, suka yi ta kamu. A cikinsu kuma aka aiko gidanmu cewa a zo a sa rana. Na sami Rakiya, na kuma sami suna, don har yau a dangin matata Injiniyan Cuku nake.

Abin da na koya bai da yawa. Katun ɗin nan na dariya ne, kuma a dariya babu kamarsu, amma waɗanda suka zana su ba su taɓa ajiye buhu a ɗaki ba. Sannan "ban sani ba" ta fi ɗauri a ƙafa sauƙi.

Ban daina kallo ba. Yanzu 'yata ce ke kunna su a wayata, mu zauna tare muna ƙyaƙyatawa. Sai dai tun da na fara ajiye buhun gero a gidana na sauya sheƙa. Kwanan baya kusun katun ya sake yin nasara, 'yata ta yi tsalle tana tafi, ni kuma na ja tsaki na ce, "Ɓarawo."

Ta juyo ta ce, "Abba, wai da gaske kusu na son cuku?"

Na buɗe baki ke nan zan yi mata bayani, sai muryar Rakiya ta fito daga madafa: "Tambayi babanki dai ko huji nawa ake yi masa."