Ranar da Aka Auna Mubarika a Sikelin Dankali

Ranar Talata da hantsi aka ɗora ɗiyata a kan sikelin da muke auna dankali, kuma ni da hannuna na ɗora ta. Kilo tara da ɗan ɗoriya. Wanda ya sa aka yi awon ya rubuta a takarda, ya ce madalla, ba ta wuce ƙa'ida ba. Har na iso gida ban san ko kuka ya kamata in yi ko dariya ba, shi ya sa na kawo muku maganar ku taya ni dubawa.

Ga yadda abin ya faro. Ƙungiyarmu ta mata masu noman dankalin Turawa a nan Dogon Dutsi ta yi abin kirki, har labari ya kai kunnen manya. Mu dai shekara uku ke nan muna roƙon ɗakin sanyi na ajiya, don dankali ya daina ruɓewa a hannunmu kafin ya yi daraja. Mai Girma Uban Yanka Ƙyalle, Allah ya ƙara wa almakashinsa kaifi, ya dubi roƙonmu da idon rahama, ya gano cewa abin da ya fi dacewa da mu shi ne kurwaziyar. Na tambaya ko wani sabon iri ne. Aka ce a'a, yawon shan iska ne cikin jirgin ruwa a kan kogin Isa, can Yamai, yini guda, da kiɗa da lemun kwalba da masu ɗaukar hoto. Wato sanyin da muka nema wa dankali, mu za a hura mana shi a fuska. Mata ashirin aka zaɓa, har da ni, kuma shugabarmu ta ja mana kunne: wadda ta ƙi zuwa ta nuna ƙungiya ba ta da godiya, takardar ɗakin sanyi kuma ta koma ƙarƙashin tulin takardu.

To, ni 'yar Arewa ce. Ruwan da ya fi kowanne girma da na taɓa gani shi ne tabkin garinmu a tsakiyar damina, shi ma daga baki nake gaishe shi. Mubarika kuwa (ita ce ta biyu, shi ya sa kuka ji na kama sunan ba kunya) watanta tara, nono take sha, ba ta yarda da bayan kowa sai nawa. In zan shiga jirgin nan, da ita zan shiga.

Ana cikin haka sai ga wani Mushe Yazid (Mushe ɗin Malam ne a bakin masu Faransanci) ya sauka ma'ajiyar ƙungiya, da jaka a hannu da taye a wuya. Aikinsa sayar da asiransi, abin da mutanen rediyo ke kira inshora. Mutum ne mai ladabi, har ƙasa ya gaishe mu.

"Madam Sahura," ya ce da ni, "jika biyar na sefa kacal, ki shiga jirgi hankali kwance."

"In jirgin ya kife, mi takardar ke yi?"

"Tana biyan iyalinki."

"Ni fa?"

"Ke ai lokacin kin riga kin…" Ya gyara taye. "Bon. Allah ya kiyaye."

"Amin. To, wannan fa?" Na juya masa baya ya ga Mubarika tana tsotsar bakin zane.

Ya buɗe takardarsa yana bi da yatsa. Gida uku ne a cikinta: na babba, na yaro mai kujera, da na kaya. Wanda ya tsara ta, ko a ina yake, bai taɓa ganin goyo ba. Na ce a sa ta gidan yara. Ya ce ba matsala, in kawo lambar takardar haihuwarta.

Nan ya taɓa mini inda ke ciwo. Tun satin suna muka kai sunanta biro, wato ofishin rajista. Zuwa na fari aka ce littafin rajista ya cika. Na biyu littafi ya zo, mai sa hannu ya tafi taron ƙara wa juna sani. Na uku ya dawo da saninsa ya ƙaru, amma hatimi na aljihun wanda ya maye gurbinsa a taron. Yarinyar da ke cizona da haƙora biyu, a wurin masu biro ba a haife ta ba tukuna.

Mushe Yazid ya sake duba takardar, sannan fuskarsa ta washe. "Akwai solisiyon, Madam, akwai mafita. Duk abin da fasinja ya ɗauka a jikinsa, in bai kai kilo goma ba, kayan hannu ne. Asiransinki ta rufe shi."

Kada ku zarge ni da na kwance goyo na ɗora ta a sikeli. Uwa in an ce mata ga hanyar da za a kare ɗanta, sai ta taka ta ga inda ta nufa. Sai da ya rubuta kilo taran na tambaye shi abin da za a yi mana in wani abu ya samu kayan hannun.

"Ana biya bisa kilo," ya ce, yana karantawa, "in an kawo rasit ɗin saye."

Habsatu maƙwabciyata, wadda muke raba kunya ɗaya a lambu, ta ɗago daga buhun da take ɗinkewa. "Rasit ɗin na wurin ungozoma, Mushe. Ko a kawo maka cibiya?"

Na goye ɗiyata na ce zan yi shawara.

A gida shawara ta fi ƙarfina. Maigidana ya saurare ni da kyau ya ce, "Yadda kika gani," abin da yake cewa tun ranar da aka kawo ni. Ƙaninsa Abdulwahid, mai shagon wayoyi a kasuwa, ya ajiye cokali ya fara wa'azi.

"Matarmu, wannan caca ce. An taɓa sayen takarda a tare ƙaddara da ita?"

"To, ta jikin motarka fa, Malam?"

"Waccan ba don ƙaddara na saye ta ba, don 'yan sanda masu usur ne."

Inna, uwar maigidana, mutuniyar wajen Lugu ce, inda har yanzu ake girmama iskoki. Ita ba ruwanta da takarda. Ta ce ruwa duk inda yake yana da masu shi, baƙo kuma ba ya faɗa wa gidan mutane ba sallama. In tafi da farin goro guda, in jefa kafin in taka jirgi.

"A'uzubillahi, Inna," in ji Abdulwahid.

"Yi mini shiru," ta ce. "Kai da kwaɗo ya kora daga bayi kana da gemu."

Dukkansu ina girmama su, kuma kowa don Mubarika ya faɗi tasa. Amma har aka kwashe kwanoni ban ji wanda ya gaya mini abin da zai riƙe hancin yarinyar nan a saman ruwa ba, kuma ni wannan kaɗai nake son sani.

Laraba na ɗauki goyona na tafi biron da ya shirya tafiyar. Na ji ana cewa akwai wata riga mai hana nitsewa, na je in tambaya ko za a ba mu, ko akwai ta jarirai. Sakataren ya ji daɗin tambayar ƙwarai. Ya buɗe kabad ya nuna mini su, sababbi fil a leda, kalar lemu, guda goma sha biyu.

"Mu ashirin ne, ranka ya daɗe, da goyo uku."

"Waɗannan na tawaga ne. Mai Girma, da mataimakinsa, da mai riƙe masa jawabi, da sauransu."

"Ashe da su za mu shiga jirgin?"

"A'a, su a bakin ruwa za su tsaya su ɗaga muku hannu. Amma hoto ya fi kyau da rigar."

Kada wani ya yi musu mummunar fassara. Bakin kogi akwai santsi, kuma ƙasa ba za ta iya asarar mutum kamar mai riƙe jawabi ba. Mu masu noman dankali muna da yawa, ana iya samun wasu a ƙauyen Gesheme. Na yi godiya na fito.

Habsatu ce ta kawo dabara. Dangin uwarta masunta ne a wajen Argungu, ta ce can da ƙaton gora suke shiga kogi, su kwanta a kansa kamar katifa. Mu ba mu da irin goran nan, amma muna da bido, jarkokin nan masu ruwan ɗorawa da kowane gida ke ɗibar ruwa da su. Na sayi biyu sababbi, na naɗa leda a bakinsu na murza marfi har hannuna ya yi ja. Alhamis da safe muka nufi tabki da su, da buhu mai dankali kilo tara daidai. Na sa wa buhun hular Mubarika, don in ga ko za ta jiƙe.

Gwajin farko mun ɗaure buhun tsakanin bido biyu muka tura. Ya yi iyo abinsa, amma kai a ƙasa. Hular ta nitse, gindin buhu na kallon sama. Matan da ke wanki suka fashe da dariya, Habsatu ma ta fara, da ta dubi fuskata ta daina. Ni kuwa ba dankali na gani ba.

Muka sake lale. Wannan karon ni na ɗaura bido ɗaya a kowace hammata da zane mai ƙarfi, buhun kuma a ƙirji, can sama har yana taɓa haɓata. Na ba Habsatu riƙon Mubarika, muka ɗaura igiya a ƙuguna, mata biyu suka riƙe ɗaya bakin. Na yi bismillah na shiga. Ruwa ya kai gwiwa, ya kai ciki, sai na ji ƙasa ta rabu da ƙafata. Ban san na haddace addu'o'i da yawa haka ba sai ranar.

"Uwar Mubarika, kina da rai?" in ji Habsatu.

"Dubi hular," na ce, "ni ba na iya ganinta."

"A bushe take ƙaraf."

Sau uku na shiga, sau uku hular ta fito a bushe. Na kuma koyi maido da goyo daga baya zuwa ƙirji in ɗaure kafin Habsatu ta ƙirga ashirin.

Saboda haka na yanke shawara. Ban sayi asiransi ba. Ba wai na ce abu ne marar amfani ba. Ran da aka ƙara gidan goyo a takardar, ko aka samo hatimin nan, za mu sake zama da Mushe Yazid. Amma ba zan sa hannu a kan takardar da ta ce ɗiyata kaya ce ba. Gobe Asabar zan hau kar, babbar motar da za ta kai mu Yamai, da bido biyu, da addu'ar shiga abin hawa da Abdulwahid ya rubuta mini, da goron Inna a bakin zane, tunda ba nauyi gare shi ba kuma in ban jefa ba, zan iya ci. In na isa na ga jirgin ya yi wa mutane kaɗan, ba zan taka shi ba. Sai in tsaya kusa da tawaga mu ɗaga hannu tare, su da rigunansu, ni da jarkokina.

Labarin tabki ya zaga gari. Sauran mata goma sha tara duk sun yi tanadi, har bido ya yi wuyar samu a kasuwa. Ɗazu bayan la'asar ina tsince wake aka yi sallama a zaure. Na leƙa, Mushe Yazid ne, ba jaka, ba taye.

"Madam Sahura, patron, mai kamfaninmu, ya ce in raka ku cikin jirgin, don mutane su ga mun yarda da abin da muke sayarwa."

"Madalla. Ai kai kana da takarda."

"Ina da ita, babbar ma." Ya duba hagu da dama, ya sassauta murya. "Ko da sauran bido?"

Na ce masa akwai guda a madafa, amma ba a yin abin nan da ka. Sai dai ya biyo ni ma'ajiya gobe da safe kafin kar ta tashi, ya hau sikeli tukuna. Ni dai a idona ya wuce kayan hannu.