Ƙusoshin da Na Buga wa Sifikuna

Ba zan taɓa mantawa da ɗaurin auren 'yar Alhaji Dauda a Tafo ba, ko da kuwa na so in manta. Shekara ashirin ina ba da hayar sifika a Zangon Kumasi, kuma sifikuna suna da hali ɗaya: da an matsa kusa da makirifo sai su kama ihu. Alhaji ya ja mini kunne tun da wuri, ya ce in suka yi kuka lokacin addu'a, kada in ƙara sa ƙafa a Tafo da sunan aiki. Kwana uku abinci bai yi mini daɗi ba.

Sai na ga wani Bature a waya yana ɗaura wa sifikarsa ƙafafu masu tsini. Turancinsa ya fi ƙarfina (aji uku na yi, shi ma rabi a bakin taga), amma na gane wai suna rage girgiza, ihu ya mutu. Na tafi wurin kafinta a Akwatia Line, muka buga wa kowace sifika ƙusa huɗu, tsinin yana kallon ƙasa. Har gwaji na yi: na ajiye kofin ruwa a simintin tsakar gida, na ƙure muryar sifika, ruwa ko motsi. Matata ta tambaya ko a kan siminti za a ɗaura auren, na ce mata wannan ilimi ne, ta bar wa masu shi.

Ranar ɗaurin auren na tarar dandamalin katako ne, an shimfiɗa kafet ɗin da uwar amarya ta zo da shi daga Makka. Ba siminti ba ne, amma na riga na cika wa Alhaji baki. Na ɗora sifiku, ƙusoshi suka nutse har cikin katako, sandar makirifo kuma tana tsaye a kan katakon nan.

Liman na buɗe baki sai dandamali ya ɗauki rawa, sifiku suka kurma ihun da ban taɓa jin irinsa ba. Na ruga in janye ɗaya, ta ƙi tasowa. Na fizga da ƙarfi, kafet ya yage tun daga nan har ƙafar liman, ni kuma na faɗi rigingine da sifika a ƙirji, ƙusoshinta suna kallon jama'a. Wata tsohuwa ce ta zare waya daga soket. Liman ya ƙarasa addu'a da muryar da Allah ya ba shi, kowa ya ji.

Alhaji bai ɗaga murya ba. Ya duƙo kaina ya ce, "Sannu, Baba mai ilimi. Ka san hanyar tashar motar trotro ko?"

Har yau ba a sake kirana Tafo ba. Yanzu in na ga Bature yana bayani a waya, sai in nemi wanda zai fassara mini, kuma dabarar a bikin sunan jikana nake fara gwada ta, inda babu mai iya kora ta.