Yadda Ake Naɗar Kokawar Davron Daga Tashar Da Aka Kulle

Da kai nake, kai da ka kau da kai. Ranar da aka garƙame hoton talabijin, hoton da ke ratsa rufin gidanka ba sallama, kana zaune a shagon shayi ka ce, "To, ya za mu yi?" ka ƙara wani kofin. Tunda haƙuri ka zaɓa, ga hanyar naɗar shiri a gida duk da kullen. Ba ta taɓa ba da kunya ba. A unguwarmu aka gwada ta, kuma har yau mai askinmu bai miƙe sosai ba.

1. Samu abin da ba zai maimaitu ba

Kada ka wahala a kan labarai, gobe ma su za a karanta. Yi koyi da Nodira. Ƙanenta Davron ya kai wasan ƙarshe na kokawar lardi, washegari kuma zai tafi aikin gini a Rasha, ba ranar dawowa. Kakansu Ergash-bobo, wanda ya koya masa riƙon ɗamara tun yana tatata, an yi masa aikin yanar ido, an naɗe masa fuska da bandeji.

"Ki ajiye min wasan, 'yata," ya ce. "In an kwance ni, in gani da idona."

"An gama, Bobo," in ji Nodira, don ba ta san halin akwatin kamfanin talabijin ba tukuna.

2. Danna jan maɓalli

Ɗauko rimot, wanda yake cikin ledarsa tun ranar da aka sayo shi, ka danna. Akwatin da ka biya da som ɗinka, kuɗin ƙasarka, zai rubuta maka cewa ba a yarda ba. Nodira ta gwada ana gobe wasa. Ta hau rufi ta juya eriya gabas, ta juya yamma, ta ɗaura mata murfin tukunya. Rubutun ya ƙara fitowa raɗau. Masu hikima sun ce akwati kamar mugun suruki ne: a gidanka yake ci, maganar wani yake ji.

3. Kira kamfani

Za su sa maka kiɗa har shayinka ya huce, sannan wani yaro mai ladabi ya ɗauka. Ga yadda suka yi da Nodira.

"Opa, babbar yaya, don kare ku aka kulle."

"Daga wa?"

"Daga ɓarayin hoto."

"Ƙanena ne fa a ciki!"

"To kin gani, shi ma an kare shi."

Yi godiya. Ai ka saba.

4. Raba ɗan kokawar ga maƙwabta

Dafa osh, shinkafa da karas da naman rago, kowa zai zo. Kan mutum ɗaya ba ya ɗaukar wasa guda, don haka a yi rabo. Nodira ta ba Bahrom mahauci ƙafafun Davron, tunda gaɓoɓi sana'arsa ce. Ta ba Olim mai aski hannaye da ciki, inda ɗamara take. Gwaggo Sanobar ta karɓi fuska.

"Kada wanda ya kalli rabon wani," in ji Nodira.

"Ni da ciki aka ba ni," in ji Olim.

"Naka ma ka kasa kula da shi, sillen kara," in ji Bahrom.

5. Saita waya, don gudun ko-ta-kwana

Nodira ta jingina wayarta da butar shayi, ta fuskanci talabijin. Komai ya tafi daidai har lokacin da Davron ya sunkuya ya kama ɗamarar abokin karawarsa. Nan ɗakin ya miƙe tsaye gaba ɗaya. Abin da wayar ta naɗa shi ne bayan wandon Bahrom, cike da allo, yana rawa, da muryar Gwaggo Sanobar tana kiran sunan Allah. Ajiye wannan. Shi kaɗai ne kamfani bai kulle ba.

6. Kunna

Ranar da aka kwance bandejin, Davron ya riga ya tafi. Nodira ta zaunar da Bobo a inuwar inabi, ta shimfiɗa darduma a tsakar gida. Bahrom ya zama Davron. Olim, bisa rashin sa'a, ya zama ɗaya mutumin. Gwaggo Sanobar ta tsaya gefe tana yamutsa fuska yadda ta haddace.

"Da ƙafar hagu ya shiga," in ji Bahrom.

"Ƙarya ne, yayana," in ji Olim, "hannu ne ya fara..."

Bai ƙarasa ba ya ji shi a sama, sannan a ƙasa.

"Mayar baya," in ji Bobo. "Ban ga ƙugun ba."

Aka mayar. Aka sake mayarwa, a hankali wannan karon, Olim yana salati tun daga sama. Unguwa ta yi dariya har da hawaye. Nodira kuwa fuskar kakanta take kallo. Tsohon ya goge sababbin idanunsa.

"Idon ya gyaru, 'yata," ya ce. "Na ga mahauci, na ga mai aski, har tururuwar da ke kan darduma na gani. Yaron ne kawai ban gani ba."

Ba wanda ya sake dariya.

Gargaɗi: ba ruwana da bayan mai askinku, ba ruwana da murfin tukunya, ba ruwana da abin da tsohonka zai ce maka. Ni dai na nuna hanya, kuma kai ka jawo ta da shirunka.

In kuwa kunya ta kama ka, ajiye kofin nan. Zare akwatin daga bango. Gobe da hantsi Nodira za ta tsaya a ƙofar ofishin kamfanin da nata a hannu, Bobo yana gefenta da sandarsa. Ka zo da naka, ka ɗora musu a kan tebur, kada ka motsa sai sun buɗe.